Bindigar Katako: Gardamar Hafsoshin Birged Ta Girmi Kakanninmu

'Yan'uwa, duk wanda ya taɓa zama a taron hafsoshin Boys' Brigade bayan an tashi sujada ya san yadda zaman yake tafiya. A buɗe da addu'a, a karanta rahoton zaman baya, sai wani ya ɗaga hannu a kan yaron nan da ba ya fashin fareti amma ba a ganin ƙeyarsa a ajin Littafi Mai Tsarki. Wannan ya ce a hana shi maci ranar Lahadi, wancan ya ce in aka hana shi ba za mu ƙara ganinsa ba ko a bakin ƙofar majami'a. Ba a gama wannan ba, an faɗa zancen kuɗin yunifom. Ba mai karɓar ko sisi a cikinmu don wannan aiki. Malamin makaranta ne, da tela, da ɗalibi, da mai shagon gyaran babur, kowa ya baro hidimarsa ya zo. Sau da yawa mukan koma gida rai a ɓace, muna tsammani mu ne muka dagula abin da magabata suka bari a shirye. Da muka duba tarihi, sai muka tarar su ma haka suka yi ta fama.

William Alexander Smith malamin Makarantar Lahadi ne a birnin Gilasgo, ƙasar Sukotilan, kuma hafsa ne a rundunar sojojin sa-kai. Abin da ya dame shi mun san irinsa: ranar Asabar manyan mutane suna bin umarninsa a filin fareti ba musu, ranar Lahadi kuwa samari 'yan ƙalilan sun gagare shi a aji. Ranar 4 ga Oktoba 1883, shi da abokansa biyu, James da John Hill, suka buɗe kamfani na farko a wani zauren bishara a unguwar North Woodside. Yara 59 suka ba da suna. Da suka ga dokar ba ta wasa ba ce, cewa wanda ya makara ba ya shiga layi, sai suka zube, aka rage 35. Tambayar da muke yi yau, ko tsanani yana gyara yaro ko yana korarsa, tun makonnin farko ta taso, Smith kuwa ya zaɓi ya rasa 24.

Amma a wajen tufafi bai tsananta ba. Yaransa 'ya'yan leburori ne, don haka yunifom ɗin farko hula ce, da bel, da farar jakar rataya, yaro ya ɗora su a kan kayan da ya zo da su daga gida. Ya kamata mu riƙa tuna wannan duk lokacin da muke yanke farashin takalmi da safa ga ɗan gwauruwa. Iyaye ma ba yau suka fara ɗar-ɗar da zancen sansani ba. A zangon farko da aka yi a 1886 a Tighnabruaich, cikin zaure yaran suka kwana, domin mutanen lokacin suna ganin kwana a tanti kasada ce.

Gardamar da ta fi daɗewa ita ce ta bindiga. Yaran Smith suna fareti da bindigogin katako, irin na koyon maci. A wurinsa wannan hanyar koyar da biyayya ce kawai. Masu bi da yawa ba su yarda ba. Suka ce ta yaya za a ɗora wa yaro siffar makami a kafaɗa da yamma, da safe kuma a koya masa Huɗuba a kan Dutse? Cikin masu wannan ra'ayi akwai wani fasto a Nottingham, John Brown Paton, wanda a 1899 ya kafa wata ƙungiya dabam, Boys' Life Brigade. Su ma suna fareti, amma da gadon ɗaukar majiyyaci. Suna koyon ceton wanda ruwa ya ci, da wanda gobara ta rutsa da shi, da ɗaure rauni. Shekara 27 ƙungiyoyin biyu suna tafiya dabam-dabam, wani lokaci a gari ɗaya, kowacce tana ganin ita ce a kan hanya.

Sai gwamnati ta shigo ciki. Wajen 1910 Ma'aikatar Yaƙi ta Birtaniya, a ƙarƙashin Haldane, ta nemi ƙungiyoyin samari masu yunifom su yi rajista a matsayin 'yan kadet, wato masu shirin zama soja. Wanda ya yarda zai sami taimako, wanda ya ƙi zai rasa irin gatan da sojoji suka saba yi masa, kamar aron kayan sansani. Church Lads' Brigade ta Anglikan ta karɓa a 1911. Smith, wanda shi kansa hafsa ne, ya ƙi, yawancin hafsoshinsa suka goya masa baya. Hujjarsu ita ce kamfanin na ikkilisiya ne, fareti kuma bawa ne ga ajin Littafi Mai Tsarki, bai kamata bawa ya zama maigida ba. Smith ya rasu a Mayu 1914. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi zafi aka sassauta, wasu kamfanoni suka shiga tsarin kadet, sai a 1924 aka janye gaba ɗaya. A 1926 ƙungiyoyin biyu suka haɗe, aka ajiye bindigar katako. In kun dubi bajon da ke hular yaranmu za ku ga anka, ƙarfen da ke riƙe jirgin ruwa, wanda aka ɗauko daga Ibraniyawa 6:19, da jan gicciye a bayansa. Ankan na mutanen Smith ne, gicciyen na mutanen Paton. Sulhun wata tsohuwar rigima yaranmu suke sawa a goshi, yawancinmu ba mu sani ba.

'Yan sikawut ma daga wannan gida suka fito, ta hanyar wani saɓanin ra'ayi. Robert Baden-Powell ya dawo daga yaƙin Afirka ta Kudu da suna, bayan ya riƙe garin Mafeking kwana 217 a kewaye. A 1904 ya duba faretin dubban 'yan Birged a Gilasgo. Ya yaba, amma ya gaya wa Smith cewa da za a ƙara wa yaran abubuwan da ke jan hankalinsu, da yawansu ya ninka haka sau da yawa. Smith bai yi fushi ba, ya ce masa to ya sake rubuta littafinsa na leƙen asirin soja yadda zai dace da yara. A Agusta 1907 Baden-Powell ya gwada dabararsa a tsibirin Brownsea da yara kimanin 20, kusan rabinsu 'yan Birged ne daga Poole da Bournemouth. Ya raba su ƙungiya huɗu, kowacce da yaro a matsayin shugaba. A 1908 littafin Scouting for Boys ya fito, yara suka riƙa haɗa kansu suna neman babban da zai tsaya musu.

Bambancin mutanen biyu har yau yana zaune a taronmu. Smith ya dogara ga hafsa, da layi, da begila, da majami'a guda wadda kamfanin yake ƙarƙashinta. Baden-Powell ya fi so a ba yaro ragamar 'yan'uwansa biyar ko shida, a bar shi ya yi kuskure, babba yana kallo daga gefe. Ya so a haɗa ƙungiyoyin, Smith bai yarda ba, don yana tsoron zancen bangaskiya zai narke a ƙungiyar da ba a ɗaure ta da ikkilisiya ba. A ganinmu Smith ya yi daidai a nan. A ɗaya batun kuwa muna ganin Baden-Powell ya fi shi gani, kuma mun san haka daga yawan samarinmu da ke ɓacewa da zarar sun kai shekara 15, bayan sun shekara biyar suna juya dama da hagu, ba wanda ya taɓa damƙa musu ko makullin ɗakin ganguna.

Kada a ɗauka gidan sikawut ya zauna lafiya. Tun 1909 wasu shugabanni a Landan suka ɓalle suka kafa British Boy Scouts, Sir Francis Vane ya zama jagoransu. Kukansu biyu ne: tsofaffin sojoji sun cika hedkwata, kuma masu aikin sa-kai da ke tare da yara kowane mako ba a jin muryarsu. A shekarar ce kuma 'yan mata suka bayyana a babban taron Crystal Palace suna cewa su ma sikawut ne, dole a 1910 aka buɗe musu tasu ƙungiya a hannun Agnes, ƙanwar Baden-Powell. Sai a 1919 aka fara horar da shugabanni a Gilwell Park, bayan shekara 11 kowa yana yi yadda ya ga dama.

Birged ta iso Najeriya a 1908, a Legas, daga baya ta bazu har majami'unmu na Arewa, inda ba a cika bikin aure ko jana'izar dattijo ba tare da badujalarta ba. Tambayar Haldane ma ta iso mu, da wata riga. Tun shekarun 2011 da 2012, da aka sha kai wa majami'u hari, a wurare da yawa 'yan Birged ne ke tsaye a ƙofa suna duba jaka da bayan mota. Sun yi aikin da aminci, kuma ba mai musun cewa akwai bukata. Amma wasunmu suna tambaya: yaro ɗan shekara 14 ne ya kamata ya fara tarar motar da ba a sani ba? Wanda ya yi wata uku a ƙofa, yaushe ya ji wa'azi? Waɗansu kuma suna cewa tsaron gidan Ubangiji hidima ce, in aka janye yaran wa zai tsaya? Mun ji inda aka raba aikin, manyan hafsoshi da dattawa a ƙofa, ƙananan yara a ciki suna nuna wa mutane wurin zama. Mun kuma ji inda aka gwada haka, dattawan suka zo Lahadi biyu suka daina. Zancen yana cikin ajandar zamanmu na wata mai zuwa, kuma muna roƙon iyayen yaran su zo a yi shi a gabansu.