Gobarar Kasuwar Sabon Gari da Darasin Barin Tazara

 

Ya 'yan'uwana matasa, duk sanda hunturu ya kama nakan tuna da wata dabara da manomanmu suka gada kaka da kakanni. Kafin mafarauta su fara cinna wa daji wuta, sai manomi ya share ciyawar da ke kewaye da rumbunsa da tarin karansa. Idan wutar ta iso ba ta sami abin ci ba, nan take mutuwa. Ina ganin wannan tazarar ce muka rasa a birni.

Asalin Fagge zango ne a bayan ganuwa, fili mai faɗi inda ayarin Buzaye ke sauke raƙuma. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka yanka Sabon Gari a wajajen 1913. Tsarin Gwamna Lugga ya tanadi filin yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, saboda tsoron sauro da gobara. Wariya ce tsantsa, don kansu suka yi, amma sun san amfanin tazara.

Da kasuwanci ya bunƙasa, sai rumfuna da tebura suka cinye hanyoyin cikin kasuwa. A daren 26 ga Maris 2016 wuta ta tashi a Kasuwar Abubakar Rimi ta Sabon Gari, ta lashe shaguna fiye da 3,000, wata guda bayan gobarar Kasuwar Singa. Mutane da dama sun kwanta da jari, suka wayi gari da bashi.

Ba a kanmu farau ba. Gobarar Landan ta 1666 ta ci gidaje sama da 13,000, kuma daga cikin abin da ya tsayar da ita har da rushe gidaje a gabanta don a samar da fili.

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani gida ya ƙone da dare a Madina, sai Manzon Allah (SAW) ya bayyana wuta a matsayin maƙiyiya, ya yi umarni a kashe ta kafin barci. Imani da ƙaddara bai hana riƙo da sababi ba. Wanda ya kafa teburi a hanyar motar kashe gobara, ko ya bar janareta kusa da jarkar fetur, ya tuna cewa dukiyar maƙwabcinsa amana ce a wuyansa.

Allah Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri, Ya tsare mu da wutar duniya da ta lahira, amin.