Yaƙi da Cinikin Mutane: Darasi daga Tarihin Ƙasar Haɗeja

Masana tarihi sun daɗe da lura cewa duk inda yaƙi ya daɗe, ɗan Adam yakan zama haja. Ƙasar Haɗeja shaida ce a kan haka. A zamanin Sarki Buhari, wanda ya yi wa Sakkwato tawaye, hare-hare sun yawaita har zuwa rasuwarsa a 1863 a yaƙin ƙasar Bade. Fadamar da Kirikasamma take a yau tana tsakanin Haɗeja da Bade ne, watau a bakin daga. Waɗanda aka kama a irin waɗannan yaƙe-yaƙe akan sayar da su a kasuwannin Kano da Kukawa, wasu kuma a ƙetara da su Sahara zuwa Tarabulus.

A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a birnin Burasal don hana fataucin bayi a Afirka. Amma fa wannan kyakkyawar manufa ta zama musu hujjar cin ƙasa. Gwamna Lugga ya yi shelarsa a 1901, ya hana kamun bayi da sayar da su, ya kuma 'yanta duk wanda aka haifa daga watan Afrilu na shekarar. Shelar ba ta yi aiki a Haɗeja ba sai bayan yaƙin 1906, inda Sarki Muhammadu ya rasu yana kare birninsa. Ko a sannan ma, bayin gida sai suka riƙa fansar kansu a gaban alƙali. Bayan yarjejeniyar Janiba ta 1926, sai da aka ƙara shekara goma kafin dokar 1936 ta soke bauta baki ɗaya a Arewa.

Alhasali, tsakanin alkawarin Burasal da cikarsa shekara 46 ce. Wannan abin lura ne, domin cutar ta sake ɓullowa da sabon suna. An yi yarjejeniyar Falamo a 2000, Nijeriya ta kafa hukumar NAPTIP a 2003, sannan a 2016 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 2331, wanda ya ambaci Boko Haram cikin masu satar mutane.

Abin da tarihin Haɗeja ya koya mana shi ne, yarjejeniyar da aka sa wa hannu a nesa ba ta ceton kowa sai yaƙi ya lafa, kuma akwai kotun da talaka zai iya kai kuka.