Daga Kashan Zuwa Gusau: Tarihin Darduma da Makomar Masaƙa

Dardumar da ake shimfiɗawa a masallatan Gusau, Tsafe da Bungudu galibi ta inji ce, amma zanen furanni da na mihirabi da ke jikinta gado ne daga masaƙan Farisa da Turkiyya.

Sana'ar ta daɗe ƙwarai. Darduma mafi tsufa da ta tsira cikakkiya ita ce ta Pazyryk, wadda aka tono a tsaunukan Altai a 1949, kuma an saƙa ta wajen ƙarni na biyar kafin haihuwar Annabi Isa. Sana'ar ta kai ƙololuwa a zamanin daular Safawiyya. Dardumar Ardabil da ke gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan tana ɗauke da shekarar 946 ta Hijira, wato wajen 1539, da sunan Maksud na Kashan. Ƙulli sama da miliyan 20 ke jikinta, kowanne da hannu aka ɗaura shi a kan zaren tsaye.

Abin da ya raya sana'ar shi ne kowane gari ya riƙe salonsa. Tabriz, Isfahan, Kerman da Kashan kowanne na da launinsa da zanensa, har sunan gari ya zama shaidar inganci, mai saye kuma yana biyan kuɗin sunan. A 2010 hukumar UNESCO ta sanya saƙar Kashan da ta lardin Fars cikin al'adun da duniya za ta kiyaye.

Ƙasar Zamfara ba ta gaji ƙulla darduma ba. Nata gadon shi ne auduga, kaɗi, saƙar gwado da tabarmar kaba, ga buzun da malamai ke salla a kai. Da layin dogo ya ratsa Tsafe da Gusau zuwa Kaura Namoda a 1929, auduga ta koma hajar fitarwa zuwa masaƙun Ingila. Daga baya an kafa masaƙar zamani a Gusau, ta ɗauki ma'aikata masu yawa, sannan ta durƙushe tare da takwarorinta na Kaduna da Kano.

Bambancin ke nan. Farisa ta sayar da gwaninta da sunan garuruwanta, Zamfara kuwa ta sayar da ɗanyen kaya. Masaƙan hannu da suka rage tsufa suke yi, kuma duk wanda ya rasu bai koyar ba, da salon garinsa yake tafiya.