Lillian Carter: Kakar da Ta Tafi Jinya Indiya Tana da Shekara 68

A shekarar 1966 wata takardar neman aiki ta isa hukumar Peace Corps, wadda shugaba Kennedy ya kafa a 1961 don tura Amurkawa aikin sa kai a ƙasashe masu tasowa. Galibin masu cike irin wannan takarda samari ne da 'yan mata da ba su daɗe da barin jami'a ba. Wannan kuwa daga hannun wata tsohuwa ta fito, mai 'ya'ya huɗu da tarin jikoki, mijinta ya shekara 13 da rasuwa, tana zaune a wani ɗan gari mai suna Plains a jihar Jojiya. Tallar hukumar ta gani a talabijin, aka ce yawan shekaru ba ya hana mutum shiga, ita kuwa ta riƙe su da maganarsu. Sai da likitan ƙwaƙwalwa ya duba ta kafin a amince, aka ba ta horo na wata uku, aka tura ta Indiya tana da shekara 68.

Sunanta Lillian Carter, mutanen garinsu kuma Miss Lillian suke ce mata. Duniya ta san ta ne a matsayin mahaifiyar Jimmy Carter, shugaban Amurka na 39, kuma a ganina wannan laƙabi ya tauye ta. Lokacin da ta ɗaura kayanta zuwa Indiya, ɗan nata manomin gyaɗa ne da ya nemi kujerar gwamna ya faɗi a wannan shekarar, sai bayan shekara goma ya ci zaɓen shugaban ƙasa. Babu wani suna da take cin albarkacinsa a lokacin.

An haife ta ranar 15 ga Agusta 1898 a garin Richland, inda mahaifinta James Gordy yake riƙe da gidan waya. Ta koyi aikin jinya a asibitin Wise da ke Plains, ta kammala a asibitin Grady na Atlanta a 1923, a shekarar kuma ta auri Earl Carter, manomi kuma ɗan kasuwa. A 1928 suka koma Archery, ƙauyen da kusan duk mazaunansa baƙaƙen fata ne masu noma a gonakin wasu. Wanda yake son ya fahimci tafiyarta Indiya, daga nan zai faro.

Kudancin Amurka na wancan zamani doka ce da al'ada suka raba mutane gida biyu: makaranta daban, coci daban, wurin zama a jirgin ƙasa daban. Baƙin mutum idan ya zo gidan Bature, ta ƙofar baya yake shiga. Likita kuwa sai mai kuɗi. Lillian ta zama likitar da ƙauyen ba shi da ita. Tana shiga bukkokin manoma ta karɓi haihuwa, ta kwana a kan mai zazzaɓi, wani lokaci ta yi sa'a ashirin a gefen majinyaci. Mai hali ya biya, marar hali ya kawo kaza ko ƙwai idan ya samu, wanda bai samu ba shi ke nan. A cikin jariran da ta taimaka aka haifa har da wata 'yar maƙwabta mai suna Rosalynn a 1927, tun suna Plains, wadda daga baya ta zama surukarta. Kuma idan Alvan, wani baƙar fata ɗan Bishof William Johnson, ya dawo daga karatu a arewacin ƙasar ya zo gaishe ta, ta ƙofar gaba take karɓarsa, su zauna a falo. Mijinta, wanda ya yarda da wariyar ɗari bisa ɗari, sai ya ba su wuri ya yi kamar bai gani ba. Haka suka zauna shekara talatin, kowa da ra'ayinsa.

Ba waliyiya ba ce, kuma 'ya'yanta ba su ɓoye hakan ba. Bakinta yana da kaifi, ga son kallon kokawa da wasan ƙwallon gora. Jinyar mutane ta sa gidanta ya riƙa kwana ba uwa. Takan bar wa yara saƙon ayyuka a rubuce a kan tebur ta fice, har suka riƙa zolayarta cewa teburin ne ya rene su. Jimmy da kansa ya sha faɗin cewa babban kaso na tarbiyyarsa ya fito ne daga matan ƙauyen baƙaƙe, musamman Rachel Clark. Kyautar da Lillian ta yi da lokacinta, daga aljihun 'ya'yanta aka ciro wani ɓangarenta.

Bayan rasuwar Earl a 1953 ba ta yarda ta zauna jiran gaisuwar jikoki ba. Ta yi shekaru tana uwar gidan kwanan ɗalibai maza a Jami'ar Auburn, ta riƙe gidan kula da tsofaffi a Blakely. A 1964, lokacin da Turawan kudu suka juya wa shugaba Johnson baya saboda dokar 'yancin baƙar fata, ita ta tsaya masa yaƙin zaɓe a yankinsu, aka riƙa ɓata mata mota.

A Indiya an sauke ta a Vikhroli, gefen birnin Bombay, unguwar ma'aikatan kamfanin Godrej mai yin makullai da sabulu. Da aikin wayar da kai kan tsarin iyali aka fara haɗa ta, abin da bai kwanta mata ba. Ita hannunta ya saba da majinyaci, don haka ta kutsa kai har ta samu shiga ɗakin shan magani na unguwar, tana allura da wanke miki, jama'a na layi tun safe. Wasiƙun da ta riƙa aiko wa gida, waɗanda ita da 'yarta Gloria suka buga a littafi a 1977, ba su yi wa zaman kwalliya ba: zafi, kewa, yunwar abincin gida, da baƙin cikin ganin talaucin da ya fi na Archery nesa ba kusa ba. Abin da ya fi girgiza ta shi ne kuturta. Da aka kawo mata wata yarinya mai cutar, tsoro ya kama ta, ta yi ta wanke hannu bayan ta taɓa ta, har ta fara tunanin ba za ta iya ba. Matar da ta shekara arba'in tana shiga inda ake cewa kada a shiga ta tarar da nata shingen a cikin zuciyarta. Ta yi addu'a, ta koma, ta ci gaba da yi wa yarinyar magani har ƙyamar ta fita. Wata 21 ta yi, ta dawo gida a 1968 a rame.

Da ɗanta ya hau mulki sai ta zama jakadiyarsa ta jana'iza da jaje. A Fabrairun 1977 ta wakilci Amurka wajen binne shugaban Indiya Fakhruddin Ali Ahmed, ta leƙa Vikhroli, mutanen unguwar suka yi mata tarba ta ban mamaki. A 1978, tana dab da cika 80, ta zaga wasu ƙasashen Sahel, ciki har da Mali da Senegal, don ganin ɓarnar fari da idonta. Mu a nan, abin da ya fi taɓa mu daga gidan Carter shi ne yaƙi da kurkunu, wanda cibiyar ɗan nata ta soma a 1986, Janar Yakubu Gowon ya shiga ƙauyuka yana taya su, har aka tabbatar a 2013 cewa Najeriya ta rabu da cutar. Ita ba ta ga wannan ba.

Ta rasu ranar 30 ga Oktoba 1983 a garin Americus tana da shekara 85, bayan fama da ciwon daji, makonni kaɗan bayan rasuwar 'yarta Ruth. Tun 1986 Peace Corps take ba da lambar yabo da sunanta ga waɗanda suka shiga aikin sa kai bayan sun kai shekara 50. Tattaɓa-kunnenta Jason Carter shi ma ya shiga hukumar a ƙarshen shekarun 1990, aka tura shi wani ƙauye a Afirka ta Kudu, kusa da iyakar Suwazilan.