Aikin Dokta Lambo da Masu Taɓin Hankali: Nazari daga Gaɓar Kainji

A ƙasar Ngaski, kamar sauran garuruwan bakin tafkin Kainji daga Wara zuwa Yelwa, idan mutum ya fara sambatu ko ya daina barci yana yawon dare, asibiti ba shi ne zangon farko ba. Ana fara kai shi wurin malami a yi tofi da rubutun sha. In abin ya ƙi, a nufi boka ko 'yan bori, a yi hayaƙi, a ba da jiƙo. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, kusa da Sakkwato, tafiya ce mai nisa da cin kuɗi, ga barin gona ko koma a ruwa. Don haka ko mai ilimin boko ya so ko ya ƙi, masu maganin gargajiya ne ke riƙe da yawancin marasa lafiyar nan. Abin tattaunawa shi ne yadda likita zai yi da su.

Wanda ya fara amsa wannan a aikace a Najeriya shi ne Thomas Adeoye Lambo, haifaffen Abeokuta a 1923. Ya karanta likitanci a Birmingham, ya ƙware a cutar ƙwaƙwalwa a asibitin Maudsley na Landan, ya dawo gida a 1954 aka ba shi asibitin Aro. Ginin bai kammala ba, jama'a kuma na tsoron wurin. Sai ya roƙi dagatan ƙauyukan da ke kewaye su ba marasa lafiya masauki a gidajen mutane, a biya haya. Sharaɗinsa shi ne kowane majinyaci ya zo da ɗan'uwa, uwa ko ƙanwa ko goggo, wadda za ta dafa masa abinci, ta wanke tufafinsa, ta raka shi asibiti da safe ya karɓi magani, da yamma su koma ƙauye. Ya kuma jawo bokayen Yarbawa cikin aikin, suna yin addu'o'insu da al'adunsu ƙarƙashin idonsa, alhali hukumar Turawa ba ta ɗauke su a bakin komai ba.

Masu yabon Lambo sukan tsaya kan ganye da saiwa, kuma akwai gaskiya a ciki. Raymond Prince, likita ɗan Kanada da ya yi aiki a Aro, ya wallafa a 1960 cewa bokayen yankin suna ba mahaukata saiwar itacen Rauwolfia. Daga 'yar'uwar wannan itaciya ta Indiya ne kamfanin Ciba ya tace sinadarin reserpine a 1952. Wato boka da likita sun yi tarayya a magani ɗaya ba tare da sun sani ba. Bambancin yana wurin awo. Ƙwayar asibiti an san nauyin abin da ke cikinta, amma ƙarfin jiƙo ya danganta da girman saiwar, lokacin da aka haƙo ta, da daɗewarta a tukunya. Reserpine kansa yana sauke hawan jini ƙwarai, yana sa kasala da rawar jiki, shi ya sa likitoci suka yi watsi da shi a wannan fanni. A Arewa haɗarin ya fi bayyana a zaƙami, wanda kowa ya ga abin da yake yi wa samari: baki ya bushe, ƙwayar ido ta buɗe, mutum ya riƙa tsintar abin da babu a ƙasa. Idan irin wannan ya shiga haɗin da ake ba mai taɓin hankali, wa zai bambance ciwon da aikin maganin?

A ganina ƙarfin tsarin Aro ba a cikin tukunya yake ba. Yana cikin goggon nan da ke zaune a ƙofar ɗaki, da kasuwar ƙauye da majinyaci ke shiga kamar kowa, da kuma bayanin ciwo cikin harshen da iyali suka yarda da shi. Wanda ya gaskata iska ce ta taɓa ɗansa ba zai natsu da ƙwaya kaɗai ba, kuma in bai natsu ba zai daina bayar da ita. Sai dai a faɗi gaskiya, nasarorin da Lambo ya ba da rahoto ba a auna su da gwaji mai tsauri ba, kuma sunansa, wanda ya kai shi shugabancin Jami'ar Ibadan da muƙamin mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, ya sa aka riƙa karɓar maganarsa ba musu.

Gwajin ya zo bayan rasuwarsa a 2004. A 2020 mujallar Lancet ta buga binciken Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa a Ibadan da Kumasi, inda ma'aikatan ƙananan asibitoci ke ziyartar marasa lafiya a gidajen bokaye da masu addu'a, su duba su, su ba da magani, mai gidan kuma ya ci gaba da nasa. Bayan wata 6, waɗanda aka yi wa haɗin gwiwa sun fi waɗanda ba a yi wa ba samun sauƙi. Ɗauri da duka ma sun ragu, amma a ɓangarorin biyu duka, abin da ke nuna cewa shigowar baƙon ido kaɗai na canza hali.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Gidajen mari da 'yan sanda suka fasa a Kaduna da Katsina a 2019 sun nuna abin da ke faruwa inda ba mai leƙawa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kare haƙƙin majinyaci a takarda. Amma ƙwararrun likitocin fannin a duk ƙasar 'yan ɗaruruwa ne, yawancinsu a manyan birane. Wanda zai iya shiga zauren boka a Wara ko Libata, ko ya hau jirgin ruwa zuwa ƙauyukan Gungawa da Kambari, shi ne ma'aikacin ƙaramin asibiti mai jin harshen mutanen, in an horar da shi, an ba shi magani da man babur.