Tsohuwar Kwamfutar Harwell: A Kunna Ta Ko A Kulle Ta?

Wani mai karatu daga Kura ya aiko da tambaya: wace kwamfuta ce mafi tsufa da har yau take aiki?

Tana Ingila, a gidan tarihin kwamfuta na Bletchley Park. A cibiyar binciken nukiliya ta Harwell aka ƙera ta, ta fara aiki a 1951. Nauyinta tan biyu da rabi. Ƙwayayen ƙirgarta 828 ne, kowane da ɗigon wuta mai zagayawa, har mutum kan bi lissafin da idonsa. Sauri kam babu, don ninka lamba biyu kan ci mata daƙiƙa biyar zuwa goma. Wani masanin lissafi, Bart Fossey, ya taɓa yin tsere da ita da na'urar lissafi ta tebur. Suka yi kunnen doki wajen rabin sa'a, ya gaji ya ajiye, ita kuwa ko a jikinta.

A 1957 ta koma wata kwaleji a Wolverhampton, a 1973 gidan tarihin Birmingham. Da aka rufe gidan a 1997 sai aka wargaza ta aka jibge a ma'aji. Wani mai suna Kevin Murrell ne ya gane wani ɓangarenta a jikin hoto a 2008, masu aikin sa-kai suka duƙufa, ranar 20 ga Nuwamba 2012 ta sake tashi.

Nan ne masana suka rabu biyu. Wasu na ganin kunna tsohon inji cinye shi ne, domin duk ƙwan da ya ƙone ya tafi ke nan. Suna kafa hujja da wata tsohuwar kwamfuta, Pegasus, ta Gidan Tarihin Kimiyya na Landan, wadda wutarta ta samu matsala a 2009, aka kashe ta ba a sake kunnawa ba.

Hujjar tana da nauyi, amma ta ɗaya ɓangaren, masu ganin kulle inji shi ke kashe shi, ta fi. Duk manomin rani a Kadawa ko Bunkure ya san injin ban-ruwan da aka yasar a zaure shekara uku ba ya tashi da jan farko, kuma randa bakaniken da ya san kansa ya rasu, ya zama na 'yan gwangwan.

Saboda haka Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero su leƙa ma'ajiyoyinsu ko akwai tsofaffin kwamfutoci, su nemo tsofaffin injiniyoyinsu tun suna raye.