Kwalejin Shekara Biyu Ta Amurka: Ƙofa Ce Ko Shinge?

Ga rubutun shirinmu na wannan mako, domin waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau Amurka za mu leƙa, mu bi tarihin wata irin makaranta da suke kira kwalejin al'umma. Shekara biyu ake yi a cikinta, a ba ka digirin da ake kira asoshiyet. In kuna son abin kwatance a gida, ya fi kusa da difloma ta ND da ake yi a foliteknik, wadda mutum ke ɗauka ya nemi shiga jami'a daga aji biyu. Sai dai na Amurka, in komai ya tafi daidai, aji uku yake kai ka. Za mu fi tsayawa a kan fannin ilimin halayyar ɗan Adam da zamantakewa, wato su saikoloji da soshiyoloji da aikin jin daɗin jama'a, domin a nan labarin ya fi ɗaukar hankali.

Abin da zai ba ku mamaki shi ne, ba tausayin talaka ne ya haifi wannan makaranta ba. Shugabannin manyan jami'o'in Amurka na ƙarni na 19 suna kallon Jamus da sha'awa, inda jami'a wurin bincike ce, karatun share fage kuwa a sakandare ake gama shi. Tun 1851 Henry Tappan, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Mishigan, yake cewa a ɗauke wa jami'a nauyin yaran shekarar farko da ta biyu. Wanda ya mayar da maganar aiki shi ne William Rainey Harper, shugaban farko na Jami'ar Shikago, wadda aka buɗe a 1892 da kuɗin attajirin mai John D. Rockefeller. Harper ya raba karatun digiri gida biyu, ƙaramar kwaleji da babba, kuma wajajen 1900 jami'ar ta fara ba wanda ya gama rabin farko takardar asoshiyet. Lissafinsa a fili yake: ɗalibi da yawa zai karɓi takardar ya kama gabansa da mutuncinsa, a bar wa farfesoshi waɗanda suka fi ƙwazo.

A 1901 Harper da abokinsa J. Stanley Brown, shugaban makarantar sakandaren garin Joliet a jihar Ilinoi, suka ƙara azuzuwan kwaleji a kan sakandaren. Ɗalibai shida aka fara da su. Makarantar tana nan har yau, ita ake lissafawa a matsayin kwalejin al'umma ta gwamnati mafi tsufa a ƙasar. Kalifoniya ta yi doka a 1907 da ta halatta wa sakandare yin irin haka, garin Fresno ya buɗe tasa a 1910, a 1920 kuma kwalejojin suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa.

Daga nan mu tsallaka zuwa yaƙin duniya na biyu. A 1944 aka yi dokar da ta biya wa sojojin da suka dawo daga fagen fama kuɗin makaranta, azuzuwa suka cika maƙil. Shugaba Harry Truman ya kafa kwamiti ƙarƙashin George Zook, rahotonsa ya fito a 1947. Kwamitin ya ƙiyasta cewa aƙalla kashi 49 cikin ɗari na Amurkawa suna da ƙwaƙwalwar da za su yi shekara 14 a makaranta, ya ba da shawarar a yi ƙarin shekara biyun nan kyauta, a kusa da gidan kowa. Rahoton ne ya yaɗa sunan kwalejin al'umma. A shekarun 1960 kuwa abin ya zama kamar ruwan Agusta, kusan kowane mako sai an buɗe sabuwa. Har ƙabilar Nabaho ta buɗe tata a 1968, ta farko da 'yan asalin ƙasar suka mallaka da kansu.

To, a nan ne fannin da muke magana a kai ya samu gindin zama, kuma ta hanyar da ba kowa zai yi zato ba: asibitin masu taɓin hankali. A 1955 mutum sama da 550,000 ne ke kulle a manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na jihohin Amurka, wasunsu shekara da shekaru, cikin yanayin da bai kamaci ɗan Adam ba. Sababbin magunguna sun fito a daidai lokacin, aka fara tunanin ai mutanen nan za su iya zama cikin danginsu. Ranar 31 ga Oktoba 1963, mako uku kafin a harbe shi, Shugaba John F. Kennedy ya sa hannu a dokar kafa cibiyoyin lafiyar ƙwaƙwalwa a cikin unguwanni. Tambaya ita ce, wa zai yi aikin? Likitocin ƙwaƙwalwa ba su da yawa, kuma horar da guda ɗaya yakan ci shekara goma ko fiye. Sai aka koma ga kwalejin shekara biyu ta samar da ma'aikaci na tsaka-tsaki, wanda zai iya zama da mara lafiya, ya saurare shi, ya rubuta rahoto, ya san ofishin da zai kai shi neman gida ko aiki. Wani likita mai suna Harold McPheeters, da ke aiki da hukumar ilimi ta jihohin kudancin ƙasar, yana cikin waɗanda suka fi wahala wajen tsara manhajar, shi ya sa masu fannin hidimar jama'a suke ganin sa kamar uban gidansu.

Abu ya haɗu da yaƙin da Shugaba Lyndon Johnson ya ƙaddamar a kan talauci a 1964. Akwai wani littafi na Arthur Pearl da Frank Riessman da ya fito a 1965, hujjarsa mai sauƙi ce: matar da ta tashi a unguwar talakawa ta fi baƙo mai digiri sanin ciwon unguwar, don haka a ɗauke ta aiki, a horar da ita tana yi tana karatu, ta hau tsani a hankali. Shirin Head Start na yara ƙanana ya zo a wannan shekarar, yana buƙatar masu reno da suka san yadda ƙwaƙwalwar yaro ke girma. A 1968 kuma, bayan tarzomar da ta girgiza birane, gwamnatin tarayya ta fara biya wa 'yan sanda kuɗin karatu, kwasa-kwasan nazarin laifi da shari'a suka yi ta tsirowa. In kun buɗe kundin kwasa-kwasan kowace kwaleji yau kuka ga hidimar jama'a, renon yara, nasiha ga masu shaye-shaye, nazarin laifi, to jikokin wancan zamani ne. Cibiyoyin Kennedy dai kusan rabi kawai aka gina, kuɗi ya yanke, mutane da yawa da aka sallama daga asibiti suka ƙare a titi ko gidan yari. Ma'aikatan da aka horar su aka bari da ɗawainiyar, a kan albashin da bai taka kara ya karya ba.

Yanzu ga inda na fi so mu tsaya. Masana soshiyoloji da kansu suka juya suka yi wa kwalejin bincike, abin da suka gano bai yi daɗin ji ba. Burton Clark ya yi nazarin kwalejin garin San Jose a Kalifoniya, ya wallafa sakamakon a 1960. Ya ari wata hikima daga Erving Goffman, wanda a 1952 ya yi rubutu a kan 'yan damfara. Goffman ya ce idan gungun 'yan damfara suka cuci mutum, ba duka suke gudu ba. Ɗaya yakan tsaya ya yi ta lallashinsa, yana nuna masa ƙaddara ce, ya yi haƙuri, har zuciyarsa ta sanyaya ya fasa zuwa wurin 'yan sanda. Clark ya ce irin wannan sanyayawar kwalejin ke yi. Yaro ya shigo da burin zama likita ko lauya. Ba wanda zai ce masa ba zai iya ba, ai ƙofa a buɗe take. Za a yi masa jarrabawar gwaji, a tura shi ajin gyara. Sai ganawa da jami'in ba da shawara, wanda zai buɗe fayil ya nuna masa makinsa cikin murmushi. Sai wani darasi na dole inda ake sa ɗalibi ya auna kansa da kansa. Sai takardar gargaɗi. Kafin shekara ta zagayo, shi da bakinsa zai ce ai dama kwas ɗin sana'a ya fi dacewa da shi. Kun lura da kayan aikin? Gwajin basira da nasiha, duk daga saikoloji aka ɗauko su.

Kuma ku duba shekarar. A 1960 ɗin ne Kalifoniya ta yi babban tsarinta na ilimi, wanda Clark Kerr ya jagoranta: babbar jami'ar jiha ta ɗauki kashi 12.5 na saman waɗanda suka gama sakandare, kwalejojin jiha su ɗauki sulusin sama, kowa da kowa kuma ya tafi kwalejin shekara biyu. A 1989 Steven Brint da Jerome Karabel suka ƙara wa wutar itace. Suka nuna cewa shekaru da dama ɗalibai hanyar jami'a suke so, shugabannin kwalejojin ne suka yi ta tura su ɓangaren sana'a, domin a can ne makarantunsu ba za su yi gogayya da manyan jami'o'i ba.

Ni dai a ganina hujjar nan tana da ƙarfi, amma akwai inda ta gaza. Tana kwatanta ɗan kwaleji da ɗan jami'a, alhali uwa mai yara uku da ke aikin dare, ko direban tasi ɗan Afirka ta Yamma a unguwar Bronx ta birnin New York, ba tsakanin kwaleji da Harvard suke zaɓi ba. Ko kwalejin, ko ba komai. Ga darasin yamma, ga kuɗin da matsakaicinsa wajen dala 4,000 ne a shekara ga ɗan gari, ga tallafin Pell da aka faro a 1972 ga marasa ƙarfi. Duk da haka alƙaluma suna tare da Clark. Kusan kashi 80 na masu shiga suna cewa digirin shekara huɗu suke nufi, amma waɗanda ke samunsa cikin shekara shida ba su kai kashi 20 ba. Wani rahoton ofishin binciken kuɗi na majalisar Amurka a 2017 ya gano cewa mai sauya makaranta yakan yi asarar kashi 43 na kiredit ɗinsa a matsakaici. Ka yi darasi, ka biya, ka ci, jami'a ta ce ba ta san zancen ba.

Wannan asara ta fi ciwo a fannin da muke kai, domin asoshiyet a saikoloji shi kaɗai ba ya mayar da mutum masanin halayya. Lasisin wannan aiki a yawancin jihohi sai da digirin digirgir, mai ba da nasiha kuma sai da digiri na biyu. Takardar shekara biyu dai tsani ce, in ba ta jingina da bango ba, ba inda za ta kai ka. Shi ya sa a 2010 Kalifoniya ta yi doka ta ƙirƙiro asoshiyet na musamman don wucewa: ka kammala kiredit 60 da makin da aka gindaya, jami'o'in jiha na tsarin CSU dole su ba ka gurbi a aji uku, ko da ba a harabar da ka fi so ba. Saikoloji da soshiyoloji suna cikin kwasa-kwasan farko da aka tsara a kai. Jihar Tenesi kuma ta fara biya wa masu gama sakandare kuɗin shekara biyun daga 2015, shekara 68 bayan kwamitin Truman ya ce a yi hakan.

Ga masu turo mana tambaya a kan tafiya karatu can, ku sani ɗalibin da ya je da bizar karatu ba ya samun tallafin Pell, kuma kuɗinsa ya kan ninka na ɗan gari sau biyu ko fiye. Kafin ka biya ko sisi, nemi a nuna maka rubutacciyar yarjejeniyar da ke tsakanin kwalejin da jami'ar da kake hari, ka duba darasi bayan darasi wanne za a karɓa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.